Amanar da ke cikin wayarki: abin da dokar kare bayanai ta ɗora wa mai sana'a ta waya

An gama zubi, ma'aji ta rufe akwati, to ina roƙon a ara mini kunne kafin a watse.

Duk wadda take tallata kayanta a WhatsApp ko Facebook ko Instagram ta ɗaga hannu. Mai turaren wuta, mai atamfa da leshi, mai ɗinki, mai cincin da dubulan, mai kayan kicin. Madalla, a sauke. Yanzu kowa ta tuna abin da ke cikin wayarta. Akwai sunan kwastoma da lambarta. Akwai kwatancen gidanta, har da launin ƙofa da lokacin da maigida yake fita. Akwai hoton alat da ta turo, da cikakken sunanta da bankinta a jiki. Mai ɗinki tana da awon jikin mata da yawa. Mai ba da kaya bashi tana da littafin wadda ta biya da wadda ta gaza. Duk waɗannan ba naki ba ne, Hajiya. Ajiya aka ba ki, kuma yanzu akwai dokar ƙasa a kan wannan ajiyar.

Bari in ba ku labarin kaina. Lokacin da nake karatun difloma na sayi mayafi a wajen wata mai sayarwa ta waya. Kaya ya zo lafiya, na biya, na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kwana biyu sai na tsinci kaina a wani guruf nata cike da mutanen da ban sani ba, maza da mata. A daren nan wani ya fara kirana. Na toshe lambar, ya sake kira da wata. Sai da na yi makonni ina fama, har a gida aka fara tambayata wane ne wannan mai kiran dare. Matar nan ba muguwa ba ce, kasuwa take nema kamar kowa. Amma ban sake sayen ko allura a wajenta ba, kuma ƙawayena uku da na ba labarin su ma ba su saya ba.

Wace doka ce wannan?

Tun a Kundin Tsarin Mulkin 1999, sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. Sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ana kiranta NDPC, hedikwatarta tana Abuja.

Wata za ta ce, ai wannan maganar bankuna ce da kamfanonin layin waya, ni da jarina bai wuce dubu hamsin ba ina ruwana? Ga amsar. Dokar ta cire abin da mutum ya ajiye domin harkar kansa da ta gidansa, kamar lambobin dangi da ƙawaye da kike gaisawa da su. Amma daga ranar da kika fara ajiye sunan mutum da lambarsa domin ciniki, kin fita daga harkar gida, kin shiga layin masu riƙe da bayanan mutane. Nauyinki bai kai na banki ba. Rajista da hukuma, misali, an ɗora ta ne a kan waɗanda doka ta kira manyan masu riƙe da bayanai. Sai dai tushen ƙa'idojin ɗaya ne ga babba da ƙarami, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

A wurin doka, bayanin mutum shi ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, lambar waya, adireshi, hoto, lambar asusu. Ba ruwan doka ko a waya yake ko a littafi mai layi-layi. Littafin bashin da ke ƙarƙashin katifarki shi ma yana ciki.

Karɓi abin da cinikin yake buƙata kawai

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a tara abin da ya wuce buƙata. Idan za ki aika wa mace turare, me kike buƙata? Suna, lambar waya, da inda za a kai. Shi ke nan. Wannan ba sai kin nemi wani izini na musamman ba, domin doka ta yarda a yi amfani da bayanin da ciniki ba zai kammalu ba sai da shi.

Amma ranar haihuwarta, da sunan mijinta, da inda yake aiki, me za su yi miki? Wasu kan ce wa mai karɓar bashi ta turo hoton katin ɗan ƙasa, ko lambar NIN, ko BVN, wai don kada ta gudu. Ku yi haƙuri, wannan ɗaukar wa kai kaya ne. Lambobin nan guda goma sha ɗaya-ɗaya su ne 'yan damfara suke farauta. Idan suka fita ta wayarki, ke za a tambaya. Mai turo miki kuɗi lambar asusunki mai lamba goma kawai take buƙata, ke ma idan za ki mayar mata da kuɗi ita kaɗai kike buƙata. Abin da ba ki karɓa ba, ɓarawo ba zai sace shi a wajenki ba.

Abin da aka ba ki domin shi, a nan zai tsaya

Ƙa'ida ta biyu ita ce wadda muka fi takawa. Mace ta ba ki lambarta domin a kai mata kaya. Ba ta ba ki domin talla ba, ba ta ba ki domin ki miƙa wa ƙanwarki mai sayar da takalma ba. Idan kina son yin wani abu daban da lambar, sai kin tambaye ta, ta ce ta yarda. Doka ta faɗa ƙarara cewa shiru ba yarda ba ne. Kuma idan gardama ta taso, ke ce za ki nuna cewa ta yarda, ba ita za ta nuna ba ta yarda ba. Saboda haka ki tambaya a rubuce ko ta saƙon murya, ki bar amsarta a wurin.

Ga yadda za ki iya cewa: "Hajiya, na gode da ciniki. Zan ajiye sunanki da lambarki domin aiken kayanki. Kina so in riƙa turo miki sababbin kaya idan sun zo? Duk ranar da kika ce in daina, zan daina." Bai kai minti ɗaya ba.

Sai maganar guruf. A cikin guruf na WhatsApp, mutane suna ganin lambobin juna, abin da ya same ni ke nan. Idan kina son buɗe guruf, ki tura wa mace gayyata, ta shiga da ƙafarta. Abin da ya fi ma shi ne jerin aika saƙo na WhatsApp, wanda kike tura saƙo ɗaya ya je wa kowa shi kaɗai, babu mai ganin lambar wani. Yana ɗaukar mutum 256, kuma sai wadda ta ajiye lambarki ce saƙon zai isa gare ta.

Sai hoton alat. Mun saba, kuɗi na shigowa sai a ɗora a sitatus a rubuta "an gode, kwastoma ta gari". Na gane, talla ce. Amma dubi hoton da kyau. Ga cikakken sunanta, ga bankinta, ga adadin kuɗin, ga rana da lokaci. Kin sanar da duniya cewa wance ta kashe dubu tamanin a leshi jiya da yamma. Wataƙila kishiyarta tana kallon sitatus ɗinki. Wataƙila wadda take binta bashi tana kallo. Idan dole sai kin ɗora, ki shafe suna da lamba tukuna. Haka hoton amarya da kika yi wa ɗinki ko lalle, da saƙon yabon da kwastoma ta turo miki. Ki tambaya kafin ki ɗora. Idan ta ce a rufe fuska, a rufe. Idan ta ce a'a, an gama magana.

Idan kuma yarinya ce da ba ta kai shekara 18 ba, doka ta ce yardar uwa ko uba ko mai riƙonta ake nema. Masu ɗinkin kayan Sallah na yara da masu kitso, ku riƙe wannan.

Akwai bayanan da suka fi wasu nauyi

Dokar ta ware wasu bayanai ta ce a ƙara musu kulawa: lafiyar mutum, rayuwarsa ta auratayya, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, da irin su zanen yatsa. Mu mata ne a nan, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Mai sayar da kayan mata, da mai maganin sanyi ko na basir, da mai haɗin masu neman haihuwa, abin da ake faɗa musu a waya ko uwa ba a faɗa wa. Mace za ta yi miki saƙon murya na minti biyar tana kwance miki sirrin ɗakinta. Idan wannan saƙon ya fita, aure yana iya mutuwa a kansa.

Don haka mai irin wannan sana'a kada ta ajiye lamba da suna irin "Maman wane mai sanyi". Kada ta tura wa ƙawa saƙon don a yi dariya, ko don a nemi shawara. Kada ta ɗora shi a matsayin shaidar cewa magani yana aiki, ko da ta cire suna, domin murya ma ana gane ta. Idan kaya ya isa, a goge hirar. A littafi a rubuta kaya da kuɗi kawai.

Maganar bashi

Na san a nan ne za a ce da ni, ke ba ki san zafin a cinye maka jari ba. Na sani, Hajiya. Mace ta karɓi atamfa turmi uku, wata huɗu tana cewa gobe, ke kuma ranar zubi ta zo ba ki da abin sakawa. Zuciya tana cewa ki ɗora hotonta a sitatus ki rubuta "macuciya".

Ku tuna da manhajojin ba da rance na waya, waɗanda idan mutum ya makara suke tura wa duk lambobin wayarsa saƙon cewa ɓarawo ne. Wasu a cikinmu sun taɓa samun irin wannan saƙon a kan wani ɗan uwa. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. To abin da suke yi shi ne dai wanda zuciya take raya mana, girman ne kawai ya bambanta.

Doka ba ta hana ki rubuta bashi ba. Ba ta hana ki kira mai bashi ki tuna mata ba, ba ta hana ki nemi haƙƙinki ba. Abin da zai jawo miki matsala shi ne baza sunanta da hotonta da lambarta ga mutanen da ba ruwansu da cinikin. Sai a wayi gari wadda kike bi bashi ita ce ta kai ki ƙara.

Hanya mai tsafta tun farko ake gyara ta. A rubuta kaya, kuɗi da ranar biya, ta sa hannu ko ta amsa a saƙo, da shaida ɗaya. Idan ta saɓa, ki tuna mata ita kaɗai. Idan ta ƙi, ki sa shaidar nan ko wani babba da take jin nauyinsa, ko mai unguwa. Idan abin ya gagara, akwai kotu, kuma jihohi irin su Kano da Legas suna da kotunan ƙananan basussuka da aka kafa domin irin wannan. A can littafinki shi ne hujjarki.

Kulle ajiyar

Ƙa'ida ta gaba ita ce tsaro. Akwatin ƙungiyarmu ba ma barinsa a buɗe. Me ya sa wayar da ke ɗauke da adireshin mata ɗari take yawo ba makulli, yara suna wasa da ita a tsakar gida?

Ki sa wa wayarki lambar sirri, ban da shekarar haihuwarki da 1234. A cikin WhatsApp ki kunna kulle na biyu, wanda za ki zaɓi lamba shida da ke kaɗai kika sani. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shidan da suka shigo miki ta saƙo, ko ya ce daga banki yake, ko daga ƙungiya, ko taron addu'a ake haɗawa ta waya, ki kashe kiran. Da lambobin nan ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, daga nan a bi kwastomominki ɗaya-ɗaya da sunanki ana karɓar kuɗi.

Idan za ki kai waya gyara, ki cire layi da katin ajiya, kuma in da hali ki tsaya a gyara a gabanki. Idan za ki sayar da tsohuwar waya ko ki ba ƙani, a wanke ta tas ta koma kamar sabuwa tukuna. Littafin kwastomomi kuma ya zauna a inda ake kullewa, kada tsofaffin shafukansa su koma ƙunshin ƙosai.

Ɗan aike, ko mai babur ne ko mai adaidaita ko direban tasha, ki ba shi abin da zai kai kaya da shi kawai: suna, lamba, wurin sauke kaya. Kada ki tura masa hirarku gaba ɗaya. Ki gaya wa kwastoma tun farko cewa za ki ba ɗan aike lambarta, domin wata ta fi so a ba shi lambar ɗanta ko a ajiye kayan a wani shago. Ki kuma ja masa kunne cewa lambar ta aiki ce. Idan ya koma yana kiran matar mutane da dare, ke kika ba shi lambar, sunanki ne zai ɓaci.

Idan abin ya riga ya faru

An sace waya a kasuwa, ko an ƙwace WhatsApp. Kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki hanzarta a toshe layin a dawo miki da shi, ki sanar da bankinki, sannan ki nemi wata waya ki gaya wa kwastomominki kada su tura kuɗi ga duk wanda ya yi musu magana da sunanki. Doka ta ce idan fitar bayanan tana iya cutar da masu su, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 daga lokacin da aka gano, wato kwana uku. Idan haɗarin babba ne, su ma masu bayanan a sanar da su nan take. Wadda abin ya same ta ta zo ta same ni ko sakatariya mu rubuta tare.

Haƙƙin kwastoma a kanki

Kwastoma tana da ikon ta tambaye ki me kika ajiye a kanta, ki gaya mata. Tana da ikon ta ce ki gyara abin da ba daidai ba. Tana da ikon ta ce ki daina turo mata talla, kuma dole ki daina, ba sai ta ba ki dalili ba. Tana iya cewa ki goge bayananta, ki goge, sai dai idan akwai dalili mai ƙarfi na riƙewa, kamar bashin da ba ta gama biya ba. Kada ki ji haushi idan an tambaye ki. Ke ma kina da wannan haƙƙin a kan banki da kamfanin layi da duk mai sayar miki da kaya.

Doka ta kuma ce kada a riƙe bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Matar da ta sayi humra sau ɗaya shekara uku da suka wuce, me kwatancen gidanta yake yi a wayarki har yau? Shawarata ita ce bayan kowace Sallah, idan kasuwa ta lafa, ki zauna ki yi shara. Lissafin kuɗi ki bar abinki, domin da shi kike gane riba. Adireshi, hotunan alat da tsofaffin saƙonnin murya su tafi.

Hukunci

Wadda aka cuta tana iya kai kuka ga hukumar NDPC, tana kuma iya zuwa kotu ta nemi diyya. Ga waɗanda ba manyan masu riƙe da bayanai ba, tarar tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka shigo a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuwa naira miliyan 10 ne ko kashi 2 cikin 100. Wannan shi ne ƙololuwa, ba wai kowane kuskure ake ci wa haka ba. Ban kawo shi don in tsorata kowa ba. Hukuncin da ya fi kusa da mu shi ne na unguwa. A gidan biki ɗaya za a ce wance ba ta da sirri, kasuwar da kika yi shekara biyar kina ginawa ta watse, kuma rancen da kika ɗauka a akwatin nan yana nan yana jiranki.

Mu ma ƙungiya abin ya hau kanmu. Littafinmu yana ɗauke da zubin kowa, da rancen kowa, da wadda ta makara. Abin da aka faɗa a zaman nan a nan zai tsaya. Kada a ɗauki hoton shafin littafi a tura guruf. Idan maigidan wata ko ɗan uwanta ya zo yana tambayar nawa ta tara, amsar ita ce ya tambaye ta.

Aikin wannan mako

Kafin zama mai zuwa, ina roƙon kowa ta yi abu huɗu. Ta sa wa wayarta lambar sirri, ta kunna kulle na biyu a WhatsApp. Ta duba sitatus da shafinta, ta sauke duk hoton alat ko na kwastoma da ba ta nemi izini ba. Mai guruf ta rubuta a ciki cewa duk wadda aka saka ba da saninta ba tana iya fita, babu jin haushi. Sannan ta goge duk hoton katin ɗan ƙasa ko lambar BVN ta wani da ke wayarta.

Wadda ba ta iya kunna kullen ba ta tsaya bayan an tashi, ni da sakatariya za mu nuna mata, amma ita za ta danna lambarta da hannunta, mu ma ba ma son mu gani. Yanzu a yi tambayoyi. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.